Darasi na Tara: Kuɗin Ruwan Famfo

Babu gidan da ke shan ruwa kyauta a birni. Wanda bai biya hukumar ruwa ba yana biyan mai garuwa. Wanda bai biya mai garuwa ba yana biyan mai rijiyar burtsatse ko mai tankar ruwa. Wanda kuma ya tsallake duk waɗannan, to yana biya da ƙafafun 'ya'yansa masu yawon ɗibar ruwa da sassafe har su makara zuwa makaranta, ko da kuɗin magani idan ruwan da aka samo ya zo da taifot ko amai da gudawa. Tunda biyan ya zama dole, abin dubawa shi ne wa ake biya, nawa ake biya, kuma me mai biyan ke samu a hannunsa. Ra'ayin da wannan darasi ya tsaya a kai shi ne cewa kuɗin da aka kai wa hukumar ruwa, aka karɓi rasit, shi ne mafi arha a cikin hanyoyin nan, kuma shi kaɗai ke ba magidanci bakin magana ranar da famfo ya ɗauke. Za mu ɗauki Kano a matsayin misali, domin tarihin ruwan famfonta ya kusa shekara ɗari, matsalolinta kuma kusan su ne na Zariya da Katsina da Sakkwato.

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata a san hanyar da ruwan ke bi. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta kafa matatar ruwa ta farko a bakin kogin Challawa, wajen Panshekara, aka ja bututu zuwa birni. Kafin nan rijiyoyi da kududdufai ne madogarar jama'a. Da gari ya bunƙasa sai aka yi ta ƙari. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Challawa da ke Ƙaraye a 1992, aka faɗaɗa matatar Challawa, aka gina ta Tamburawa a kan hanyar Zariya, sannan ta Watari a wajen Bagwai. Ruwan da ke isowa waɗannan matatu ja ne, musamman da damina. Manyan injina ke jawo shi daga kogi, a zuba masa alam domin laka ta dunƙule ta kwanta, a bar shi a manyan tankuna ya natsu, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu injinan su tura shi tafiyar kilomitoci zuwa tankunan da ke kan tudu, irin na Goron Dutse, daga nan ya gangaro unguwanni. Ruwa kaya ne mai nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka gina zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta fitar da lita miliyan 150 a rana. Wannan nauyin tan 150,000 ke nan, wato lodin tirela 5,000 idan kowace ta ɗauki tan 30, kuma kullum, ba hutun Juma'a ba na Sallah.

Wannan ɗawainiya ita ake biya. Injinan ba sa motsi sai da lantarki, idan wuta ta ɗauke sai janareta da man gas. Alam da kulorin saye ake yi, kayan gyaran injina kuwa yawancinsu daga waje ake shigo da su, don haka duk faɗuwar da naira ta yi tun tsakiyar 2023 ta shiga lissafin kowace hukumar ruwa a Najeriya. A watan Afrilun 2024 kuɗin lantarkin waɗanda ke rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, ya ninka fiye da sau uku a dare ɗaya. Ga albashin injiniyoyi da masu gwajin ruwa da masu ɗinke bututu. Gina matata aikin shekara biyu ne ko uku, ana yi a yanke kirtani a tafi. Tafiyar da ita kuwa kuɗin yau da gobe ne, kuma nan ne yawancin matatunmu ke durƙushewa. Mutum zai ga gini na nan tsaye, fenti bai ko koɗe ba, amma injin ɗaya cikin huɗu ke aiki, don an rasa kuɗin da za a sayo ƙarfen da bai fi girman hannu ba.

Yanzu mu yi lissafi, domin lissafin ne ginshiƙin hujjar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata don sha da girki da ɗan abin tsabta, wadatar gaske kuma tana farawa ne daga lita 50. Mu ɗauki gida mai mutum 10 a kan wannan mafi ƙarancin. Lita 200 ke nan a rana, wato jarka 8 masu lita 25. A wata jarka 240, lita 6,000. Hukumomin ruwa suna awo ne da kubik mita, kowace kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40. Ke nan gidan namu yana shan kubik mita 6 a wata. A ce, don misali kawai, mai garuwa na sayar da jarka naira 100. Gidan zai kashe naira 24,000 a wata, kowace kubik mita ta tsaya masa naira 4,000. Mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta yanke naira 70,000 ne, ka ga ruwa kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tana ganin bai kamata kuɗin ruwa ya wuce kashi 3 cikin 100 na samun gida ba, wato naira 2,100 ga mai wannan albashi. Farashin da hukumomin ruwa na jiha ke sa wa gidajen zama bai ko kama ƙafar naira 4,000 a kubik mita ba. Mai garuwa bai zalunci kowa ba a nan. Mutumin da ke tura kura mai jarka 12, kilo 300, a lungunan Kurna ko Rijiyar Lemo cikin zafin bazara, bayan shi ma sayen ruwan ya yi a bakin burtsatse, ya ci guminsa. Ƙarfin ɗan Adam ne ba zai taɓa gasa da bututu ba wajen arha. Abin da lissafin ya nuna shi ne talakan da bututu bai kai ƙofarsa ba ya fi mai famfo a gida biyan ruwa da tsada, nesa ba kusa ba.

Hujjar farko da ake kawowa don ƙin biya ita ce ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Maganar tana da tushe, domin akwai hadisin da ya sanya ruwa cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, kuma an san yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita waƙafi. Sai dai malaman fiƙihu sun bambanta ruwan da ke gudana a kogi ko yake kwance a tafki, wanda ba mai ikon hana wani, da ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa ya ɗauko, wanda suka halatta sayar da shi. A kan haka ne ba a taɓa jin malami ya haramta sana'ar garuwa ba. Kogin Challawa na nan yana gudu, duk mai so ya je ya ɗiba, ba wanda zai nemi kwabo a hannunsa. Takardar kuɗin da hukuma ke kawowa ta jawowa ce da tacewa da turawa. Labarin rijiyar Ruma ma, idan aka lura, yana nuna cewa ruwan da jama'a suka sha kyauta wani ne ya zuba dukiyarsa a kai.

Hujja ta biyu ita ce ruwa hakkin jama'a ne a kan gwamnati, tunda tana karɓar haraji tana kuma samun kason man fetur. Gaskiya ne samar da ruwa a birane nauyin gwamnatin jiha ne, wasu manyan madatsu da koguna suna hannun hukumomin tarayya irin ta Haɗeja da Jama'are, kuma a 2010 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwan sha mai tsabta hakki ne na ɗan Adam. Amma abin da aka nufa shi ne ya samu, ya zama mai tsabta, kuma kada farashinsa ya fi ƙarfin mutum. Mu duba abin da ke faruwa idan hukumar ruwa ta dogara kacokan da aljihun gwamnati. Kuɗin alam zai shiga layi ɗaya da albashin malamai da fansho da kwangilar titi, ya jira sa hannu. Watan da kason tarayya ya ragu, famfo ne zai fara ji a jikinsa, domin ba wanda ke yanke kirtani a kan sayen kulorin. Sannan akwai rashin adalcin da ba a cika lura da shi ba. Kuɗin gwamnati na kowa ne, har da manomin Sumaila da Tudun Wada wanda bai taɓa ganin bututun hukuma ba. Idan aka ɗauki wannan kuɗi aka biya wa mai famfo a birni kuɗin ruwansa, an karɓa ke nan daga marar ruwa an ba mai ruwa, mai famfo shida da lambun furanni kuma ya fi kowa morewa. A ganina rabon aikin da ya dace shi ne gwamnati ta ɗauki manyan gine-gine, madatsu da matatu da jan bututu zuwa sababbin unguwanni, masu shan ruwan kuma su ɗauki kuɗin tafiyar da shi. A watan Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli, wanda ya isa shaida cewa dogaro da kasafin kuɗi kaɗai bai kai mu ko'ina ba.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi, kuma ba za a iya ture ta da wa'azi ba: me zan biya alhali famfona ya yi wata uku iska kawai yake fitarwa? Mai wannan magana yana da gaskiya. Yawancin gidaje a biranen Najeriya ba su da mitar ruwa, ana yanka musu kuɗi ne gwargwadon girman gida ko irin unguwa, ruwa ya zo ko bai zo ba. Wannan tsari yana cutar kowa. Wanda bai samu ruwa ba ana bin sa bashin abin da bai sha ba, wanda ya samu kuma ba abin da zai sa ya gyara famfon da ke ɗiga dare da rana, tunda kuɗinsa ba ya canjawa. Daga nan sai a shiga da'ira: jama'a su ƙi biya don ba ruwa, hukuma ta kasa sayen man gas don ba a biya ba, ruwan ya ƙara raguwa. Yankewar ruwa kuma tana da illar da ta wuce ƙishirwa. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage, ruwa ne ke fita daga cikinsa. Idan ya zama wofi sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi, ƙananan bututunmu kuwa da yawa a cikin kwata suke kwance. Shi ya sa ruwan farko bayan doguwar yankewa kan zo da wari ko launi, kuma bai kamata a sha shi ba. Amsar wannan hujja dai ita ce kada a biya abin da ba a samu ba, amma kada a yi shiru. A kai ƙorafi a rubuce ofishin hukumar na shiyya, da lambar gida da kwanakin da ruwa bai zo ba, a nemi a dakatar da lissafi ko a gyara shi, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wanda ya cusa takardun a bayan madubi ya manta, bashin na nan yana taruwa da sunansa. Wanda ruwa ke zuwa gidansa sau biyu ko uku a mako, ya cika randa da tanki, sannan ya fake da unguwannin da ba sa samu, wannan ba shi da rabo a hujjar.

Wa zai fara karya da'irar? Hukuma ce, domin ita ke da bututu da doka a hannu, kuma an ga inda aka yi. A 1993 kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan da hukumar birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya ke tacewa yana salwanta ne ta yoyo da sata da rashin lissafi. Sabon shugabanta, Ek Sonn Chan, ya bi gida-gida aka ƙidaya masu jan ruwa, aka sa wa kowa mita, aka sauya tsofaffin bututu, kuma aka fara karɓar kuɗi daga manya, har da barikin soja da gidajen jami'an gwamnati, kafin a matsa wa talaka. Cikin shekara 15 asarar ta dawo ƙasa da kashi 10, ruwa ya koma zuwa dare da rana. Abin lura shi ne inda aka fara, domin a jihohinmu da dama ma'aikatu da cibiyoyin gwamnati suna cikin manyan masu cin bashin ruwa, kuma ba kasafai ake yanke musu ba. Kusa da gida, Nijar ta raba aikin gida biyu a 2001: kamfanin gwamnati na SPEN ya riƙe kadarori da manyan gine-gine, kamfanin SEEN kuma ya ɗauki rarraba ruwa da karɓar kuɗi, har zuwa 2024 da aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa na NDE. A can mita ce ke magana, farashin kuma hawa-hawa ne: kason farko na ruwan wata, wanda ƙaramin gida ke buƙata, yana da rahusa, wanda ya wuce shi kuma kowace kubik mita ta ƙara masa tsada. Wannan bai hana Damagaram shan fama da ƙarancin ruwa ba, don mita ba ta haifar da ruwa inda ƙasa ta yi rowarsa. Amma tsarin ya amsa tambayar da ake yi cewa talaka zai iya biya kuwa. Zai iya, idan aka tsara farashin yadda mai wanke motoci uku zai ɗauke masa wani kaso.

Saura masu cewa ko an biya cinyewa za a yi. Ba za a ce ba a yi ba. Sai dai kuɗin da ya fi saurin ɓacewa shi ne wanda aka danƙa hannu da hannu a ƙofar gida, lokacin da masu yanke ruwa suka zo da sifana aka ce a ba su na goro su wuce. Wannan kuɗi bai shiga asusun kowa ba, bashin gida bai ragu da sisi ba, wata mai zuwa kuma za su dawo. Hanyar da ta dace ita ce a biya a banki, ko a ofishin karɓar kuɗi na hukuma, ko ta waya da wajen masu POS a inda hukumar ta amince da hakan, kuma cikin asusun da ke rubuce a jikin takardar, ba asusun wani ma'aikaci ba. Kowace takardar kuɗin ruwa tana ɗauke da sunan mai gida da adireshi, da lambar da hukuma ta san gidan da ita, da watan da ake bi, da tsohon bashi, da abin da aka biya a baya, da jimilla. Lambar nan ta fi suna muhimmanci, domin Musa Ibrahim ya fi ɗari a unguwa ɗaya, kuskuren lamba ɗaya kuwa sai kuɗinka ya sauka a kan bashin wani. Idan takardar sabon wata ta zo, a duba ko an cire abin da aka biya. In ba a cire ba, rasit ne kaɗai shaida. A ɗauki hotonsa da waya, don tawadar ƙananan rasit ɗin nan na inji takan goge cikin 'yan watanni.

Mai mita yana da ƙarin aiki kaɗan. Lambobin da ke gaba, galibi baƙaƙe, su ne cikakkun kubik mita, jajayen na ƙarshe kuma guntayen da ba su cika ba. A rubuta lambar a farkon wata da ƙarshensa, a ɗebe ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne ruwan da gida ya sha. Don gane ko akwai yoyo a ɓoye, a rufe kowane famfo a gidan lokacin da ruwa ke zuwa, a tsaya a kalli mitar. Idan tana juyawa, ruwa na tsiyaya a wani wuri, sau da yawa a tankin banɗaki ko bututun da ke binne, kuma duk abin da ya zube daga mita zuwa cikin gida mai gida ne ke biya. Inda ruwa ke yankewa akwai wata matsalar: iskar da ke gaba da ruwa lokacin da ya dawo tana iya juya mita. Maganinta a rufe babban makullin da ke kusa da mitar idan an ɗauke ruwa, a buɗe bayan ya kankama.

A gidan haya bashin ruwa yana manne ne da lambar gidan, ba ya bin wanda ya tashi. Mai kama haya ya nemi ganin rasit na ƙarshe kafin ya ba da kuɗin shekara, a kuma rubuta cikin yarjejeniya wanda zai riƙa biya, mai gida ko 'yan haya. A gidan da ɗakuna suke da yawa a kan famfo ɗaya, rabon da ya fi kusa da adalci shi ne bisa yawan kawuna, don gwauro mai bokiti biyu ba ɗaya yake da mai iyali takwas ba. Mutum ɗaya ya riƙe littafi, rasit kuma ya zagaya kowa ya gani.

Wani zai ce ya huta da duk wannan, ya haƙa burtsatse. Mai hali yana iya yi, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma yawancin ƙasar Kano a kan dutse take, ruwan da ke ƙarƙashinta a tsagogin dutse yake maƙale, ba wani teku ba ne. Kowace sabuwar burtsatse daga rabon maƙwabta take ja, shi ya sa tsofaffin rijiyoyin gida ke ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba, masu haƙa kuma ke ƙara zurfi da tsada. A unguwa mai cunkoso, inda masai da rijiya ke raba katanga, ruwan da ya fito garau yana iya ɗauke da cuta, kuma ba wanda ke gwada shi. Sannan duk mai halin da ya bar layin hukuma ya tafi da kuɗin da ya kamata ya tallafi kason talaka, ya kuma tafi da muryar da ake saurara a ofis.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya ƙidaya jarkokin da suka shiga gidansa cikin kwana bakwai da abin da aka biya, har da ruwan leda. A ninka sau huɗu, a raba yawan jarkokin da 40 don a samu kubik mita, sannan a fitar da abin da kubik mita ɗaya ta tsaya wa gidan. Wanda ke da takardar hukumar ruwa, ko da tsohuwa ce, ya zo da ita aji domin a ajiye lissafin biyu gefe da gefe.